Hannun Da Ya Saba Jifa

Mama, ya ɗauke ta! Zauna ki ji.

Kin san tun da na haihu maigidana bai taɓa jaririyar nan ba. Har kuka nake a ɓoye, ina cewa ko don mace ce.

Jiya na bi shi zauren rawa inda suke ƙwallon kwando, cikin wani kejin wayar ƙarfe da ya kewaye filin, mai yayyanka musu jiki. Ana tashi wasa, na tare shi a ƙofar keji, na miƙa masa ita.

Ya ɓoye hannuwansa a baya. "Ke, dubi yatsun nan, duk sun karkace. Kuma hannun nan, duk abin da ya cafe jefawa yake."

Na ce, "Baban yarinya, karɓi."

Ya karɓa ya rungume ta a ƙirji, ƙato guda! Ta kama karkataccen yatsansa ta riƙe gam.

Abokan wasansa suka hau tsiya: "Turo mana nan, marowaci!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan kam ba na ba kowa."

Ni ma, Mama, sai da ta nemi nono ya ba ni.