Tafiyar Soja

Saje Lawal ya toshe hanci da bakin rigarsa, ya matsa nesa da surukinsa Habibu.

"Likita, ba sai an wahala ba. Tunjere ne, ciwon masu bin mata, ya hau masa kai. Na ga irinsu a bariki. Ƙazami! Yau zan ɗauke 'yata Hafsat daga gidansa."

Habibu, ɗan acaɓan Ƙofar Marusa, ya sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan ƙafarsa tana mutuwa. "Wallahi Baba, ban taɓa..."

"Rufe mini baki!"

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki Saje ya ajiye kaki, amma bai ajiye tafiyar ba. Yana zagaya ɗakin yana buga ƙafa, tim, tim, idonsa a ƙasa.

Likita ya ce ciwon jijiya iri-iri ne, a bari ya duba. Ya ce Habibu ya haɗe ƙafafu, ya rufe ido. Habibu ya tsaya yana ɗari-ɗari.

Saje ya yi tsaki. "Tsayuwar ma sai an koya maka? Duba nan!"

Ya ƙame, ya rufe ido. Sai ga shi a ƙasa, rim.

Habibu ne ya ɗaga shi. Likita ya haska tocila a idon tsohon, ƙwayar ko motsi.

"Habibu, naka jijiyar baya ce, zaman babur ya danne ta." Ya jawo sirinji. "Baba Saje, miƙo hannu, a jininka za mu nemi tunjeren. Wannan tafiyar taka ba ta soja ba ce."