Kududdufin Bayan Unguwa

Ɗana, tunda Allah ya ba ka kansila, zauna in ba ka misali kafin 'yan fadanci su cika maka kunne.

An yi wata unguwa mai gidajen ƙasa, a bayanta akwai kududdufi. Ba shi da kyan gani, amma duk ruwan da indararo ya zubar can yake gangarawa, shi ya sa damina ba ta kayar musu da katanga. Rannan shugaban ƙaramar hukuma ya ba wani attajiri wurin ya cike ya gina shaguna, ba a shawarci ko mutum ɗaya cikin masu kwana a unguwar ba. Da tifofi suka iso da ƙasa, sai suka tarar da wata tsohuwa maginiya, wadda a nan take ɗiban yumɓu, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanya tana ginin tukunya. Direba ya yi ta danna hon, ko kai ba ta ɗaga ba. Da ya sauko da faɗa, sai ta ce, "Yaro, ɗakina ruwa zai fara ci. In binne ni za a yi, gara ku binne ni yanzu da rana tsaka, kowa na gani." 'Yan sanda suka zo suka ɗauke ta cak, har da tabarmar.

Washegari hanyar ta cika da tabarmi. Tela ya fito da kekensa, mahauci ya kafa tukuba, mata suka jera turame suna daka, liman ya ja azahar a wurin. Aka aika wa mai unguwa a asirce cewa yana da shago idan ya kore su. Ya fito ya maimaita saƙon a bainar jama'a, sannan ya nemi wuri ya zauna. Aka yanke musu famfo, suka koma rijiya. Aka kwashi samari, iyaye suka bi su caji ofis suka ce a haɗa da su, har aka rasa inda za a zuba mutane, dole aka saki kowa, har da tsohuwar. Attajiri ya gaji da hayar motocin da ba sa juye kaya, ya janye. Shugaban da bai taɓa taka unguwar ba sai ga shi da ƙafarsa, yana tambayar abin da suke so. Suka ce magudanar ruwa, kuma daga yau kada a sake taɓa abin da yake nasu sai an ji ta bakinsu. Ya kawo siminti, su suka yi haƙa da hannunsu.

To ɗana, kujerar da za ka hau aro ce, masu ita suna nan cikin lungu. Duk ranar da ka manta za su tuna maka, don ba a banza Hausawa suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba.