Tuwon Bayan Zana

Ke mai kukan ɗanki ya cika rowa, ajiye bulalar nan tukuna ki saurara.

A can baya, lokacin da zana kaɗai ke raba gida da gida, in maƙwabciya ta jefa daddawa a miya duk layin ya shaida, an yi wata maginiyar tukwane mai 'ya ɗaya, 'yar ba ta daɗe da fita yaye ba. Yarinyar nan rowa kamar ta kashe ta. In aka ba ta gyaɗa sai ta dunƙule hannu ta juya wa mutane baya, ko kaza ce ta matso sai ta ce mata "nawa ne." Uwar ta yi faɗa, ta yi zagi, ta yi rarrashi, duk a banza. Abin yana cin ta a rai, don a garin nan in aka laƙaba wa mace sunan marowaciya tun tana ƙarama, da shi za a kai ta kabari, kuma uwarta za a zaga.

Ana nan sai maginiyar ta sake haihuwa, ƙanwar mijinta ta zo ta karɓi girki. Ba wanda ya gaya wa baƙuwar cewa malmalar farko da ke fita daga tukunya ba ta gidan ba ce, ta wata tsohuwa ce makauniya a bayan zana, wadda maginiyar ke tura mata tuwo ta wata kafa a gindin zanar, shekara da shekaru, ba tare da ta taɓa zancensa da kowa ba. Mai jego kuwa, tsakanin ruwan zafi da kunun kanwa da kukan jariri, wallahi ta manta da tsohuwa sarai.

Sai ta lura 'yarta tana ɗaukar ƙoƙon tuwonta ta ɓace bayan rumbu, ta dawo da shi tas, amma tun kafin magariba tana kukan yunwa. Ta ce a ranta, shi ke nan, rowar ta kai ga ɓoye abinci. Ran nan ta miƙe da ƙyar, ta karyo tsumagiya, ta bi ta a hankali. Ta same ta durƙushe a gindin zana. Yarinyar ta gutsuri 'yar loma ta damƙe a hannun hagu, don hali ba ya fita rana ɗaya, ta tura sauran ta kafar, har tana ƙwanƙwasa ƙoƙon da yatsa don makauniya ta ji inda yake, daidai yadda uwar ke yi.

Daga can tsohuwa ta lalubo ta ce, "Kai, hannun nan ya yi ƙanƙanta. Wace ce?"

Yarinya ta ce, "Ni ce, Kaka. Inna ta manta."

Tsumagiya ta suɓuce daga hannun maginiya. Ta tsaya bayan rumbu, kunya ta rufe ta, ta rasa ko ta fito ko ta koma. Duk faɗan da ta sha yi bai wuce fatar kunnen yarinyar ba. Abin da hannunta ke yi shiru kowace yamma, wanda ta zaci ba mai kallo, shi ne ya zauna.

To, ki bar bulala ki dubi hannunki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.