Guntuwar Kashim

Kabo ya tofar da yawu tun kafin motar ta gama tsayawa.

A shekarar da aka koma tuƙin hannun dama ne Kashim mai fataucin ƙirgi ya dawo Gaya daga Chadi da sabuwar mota ƙirar Faransa. Ja ce, 'yar ƙarama, gabanta lafiya lau. Amma daga kujerar baya sai ta ƙare kwatsam, kamar an sare ta da gatari. Babu but na zuba kaya. Wata ƙofa ce kawai a bayan, ana ɗaga ta sama, a kwantar da kujeru a zuba kaya.

Majalisar bakin tasha ta tashi ta kewaye ta. Tsofaffin direbobi ne da makanikai, masu gane mota da kukan injinta tun tana hanyar Wudil. Kabo ne babbansu. Ya ja babbar mota har ya gaji ya koma gonarsa a Toranke. Yanzu ko keke ba shi da shi, amma in ya ce mota ba ta yi ba, to ba ta yi ba.

"Tir!" in ji shi. "Wannan mota ce ko akurkin kaji?"

Barau makaniki ya ce ai kaɗan ya gani, akwai 'yar'uwarta mai ƙofa biyu a Kano, rufinta ya zube baya kamar hular da aka zauna a kai. Bala direba, wanda tasa motar ta daɗe a kan duwatsu a garejin Barau tana jiran giya, ya ce akuya ce aka guntule wa wutsiya. Nan take aka raɗa mata suna Guntuwa.

Kashim bai ji haushi ba. Ya buɗe ƙofa yana murmushi. "Malam Kabo, shigo mana in zaga da kai, ka ji tafiyarta."

Aka kwashe da dariya. Kabo kuwa komai zai jure ban da a yi masa dariya a kan mota.

"Ni? Ku shaida! Ranar da wannan ƙazamar ta ɗauke ni, Hure ta saku, saki uku!"

Hure fa, matarsa guda ɗaya tilo, wadda suke tare tun yana kwana a ƙarƙashin mota a Kurmi. Kai, baki bai yi ba! A kan gwangwani mai ƙafa huɗu mutum ya rataye aurensa.

Kafin magariba labari ya isa Toranke. Hure ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye masa tuwo, ta ce, "Malam, a kan ƙarfe?" Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba abin da zai haɗa shi da wannan abar har abada.

Ya kuwa kiyaye. Ko a inuwarta ba ya tsayawa. Ran nan ruwa ya tsare shi a hanyar Ajingi, Kashim ya tsaya masa, ya kau da kai ya ci gaba da tafiya sharkaf, yana tsaki.

Lokacin cirar gyaɗa kububuwa ta sare shi a gona da rana tsaka. Abin da ya iya tunawa shi ne ihun Hure, da ƙwaryar fura da ta faɗi, da bayanta tana gudu ba ko mayafi.

A asibitin Kano ya farka, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi masa sutura. Bala da Barau na zaune a gefen gado.

"Wa ya kawo ni?"

"Allah ne ya kawo ka," in ji Barau.

Kabo ya ɗauka motar Bala ce ta kawo shi, ya yi masa godiya, ya ce ka ga amfanin mota mai cikakken jiki. Bala ya sunkuyar da kai. Da aka miƙo masa rigarsa ta gona kuwa, ya yatsine fuska ya ce a fitar da ita, warin fata take yi kamar majema.

Hure tana zuwa kullum, amma a lulluɓe. A bakin ƙofa take tsayawa, wanta Bubayero ya karɓi kwanon ya miƙo. Idanunta jajur. Kabo ya ɗauka kunyar mutanen birni ce, abin ya riƙa ba shi haushi. Mutum ya warke, kukan me kuma ake yi?

Ranar sallama ya leƙa taga, sai ga Guntuwa a gindin darbejiya, Kashim ya zo dubiya. Ya ja dogon tsaki.

"Dube ta, mummunar banza, har nan ta biyo ni. Hure, tattara kaya mu tafi gida."

Ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. "Wane gida, Malam?"

Bubayero ya gyara murya. Ya ce Guntuwa ce ta kawo Kabo asibiti, kuma sun zaga malamai daga Gaya har Kano. Da cewa Kabo ya yi "in na shiga", da an sami mafita, tunda a sume yake. Amma shi "ta ɗauke ni" ya ce, a gaban shaidu.

Kabo ya yunƙura. "Wane la'ananne ne ya saka ni a cikinta? Bai san rantsuwata ba?"

"Kashim ya sani, shi ya sa ya ƙi," in ji Hure. "Ni na durƙusa na riƙe ƙafarsa har ya yarda, kuma da hannuna na ɗaga ƙofar bayan."