Garin Maganin Mama

Farfesa ya daɗe yana duban layukan da na'urar haska sinadarai ta zana, sannan ya turo wa Solange takardar.

"'Yata, wannan ba saiwa ba ce. Ƙwayar ciwon jiki ce ta kanti aka daka."

Solange ta jawo takardar gabanta. Shekara uku tana binciken garin maganin mahaifiyarta, wanda duk mutanen birnin Dschang ke rantsuwa da shi. Jibi za ta kare digirinta a kansa, tsohuwar har ta ɗinka wa dangi anko.

"Haba Farfesa, Mama ba ta ha'inci."

"To wa ke yi mata dakan?"

Solange ta dubi tafin hannunta. Tun tana shekara tara ita ke yi. Kullum sai an rufe ƙofa Mama ke zuba wani farin abu a turmin, ta ce kanwa ce.