Notin da Ya Ci Hannun Mai Kitso

Kwana huɗu ke nan tukunyar lantarkin Mai Kitso tana ba ta haushi. Ta zuba shinkafa ta rufe, sai tururi ya yi ta tsiyaya ta wani ɗan rami a kan murfin, a buɗe a tarar da shinkafa tsararriya, sai ka ce ba ta ga wuta ba. Ita kuwa da wannan tukunya ta dogara. Takan ɗora girki ta koma kan tabarma ta kama kan mutane, abinci na dahuwa, hannunta na nema.

Ta kai wa mai gyara da ke bakin titi. Ya juya murfin, ya nuna mata wani ɗan ƙarfe da ke cikin ramin. Ya ce idan tururi ya cika tukunya, shi ke tasowa ya toshe ramin ya kulle murfin, ba ya sauka sai tururin ya ƙare. 'Yar robar da ke gindinsa ce ta tsage. Ya ce ta ba shi kwana biyu ya samo sabuwa, kafin nan kada kowa ya taɓa.

To, 'ya'yana, a gidan akwai maigidanta, wanda 'yan unguwa ke kira Injiniya. Tela ne fa, bai taɓa zama ajin gyara ba. Sunan ya samo shi ne ranar da ya kwance fankar ɗaki ya mayar, ƙusoshi uku suka rage a hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Tun daga ranar fankar take juyi tana kaɗa kai kamar mai jin tausayinsa.

Da ta dawo da tukunyar gida ta faɗa masa maganar mai gyara, sai ya yi tsaki. Ya ce rami ne ke yoyo, maganin rami kuwa toshewa, wannan ma sai an jira kwana biyu? Ta ce don Allah Baban yara ya bari. Ya ce to, ya bari.

Bai bari ba. Tana fita awo ya ɗauko filaya ya zare ɗan ƙarfen, ya cusa noti a ramin ya ɗaure tamau. Da ta dawo ya ce mata ya ɗan share wurin ne kawai, ta gwada ta gani. Ta gwada, shinkafa ta nuna luguf. Ranar har shago ya tafi da labarin, yana cewa masu gyaran zamani sai iyayi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bai gaya mata ya cire komai ba. Kan notin yana kwance a ramin daidai yadda ƙarfen ke kwanciya idan tururi ya ƙare. Ita kuwa shekara biyu abin da ta sani ke nan: in ƙarfe ya kwanta, a buɗe.

Kwana biyu ba abin da ya faru, don takan daɗe a kan kitso tukunya ta huce da kanta. Rana ta uku yara suka dawo makaranta da yunwa, ga mata biyu na jiranta, ɗaya kanta rabi a tsefe. Tukunya na yin ƙara ta tashi da sauri. Ta duba murfin, ta ga abu a kwance. Ta murɗa, ya yi tauri. Ta ɗauka danƙon shinkafa ne, ta sa hannu biyu ta murɗa da ƙarfi.

Murfin ya tashi ya bugi rufin kicin. Tururi da tafasasshen ruwan shinkafa suka wanke mata hannuwa har gwiwa.

A asibiti yayarta ta iske Injiniya a bakin ƙofa yana gaya wa mutane kayan yanzu ba su da inganci. Yayar kuwa ta riga ta biya wurin mai gyara da murfin a cikin leda. Ta ciro shi ta ɗora masa a cinya.

"Kamfani ne ya sa wannan notin?"

Ya kawar da kai gefe.

"Da kai nake, Injiniya. Mutumin ya ce ƙarfen da ka zare shi ne mai hana murfi buɗewa. Ka cire mai gadi ka ajiye gunki a wurinsa, sannan ka bar ƙanwata ta je ta buɗe."

Ya ce shi taimako ya yi niyya.

"Da ka taimaka ka faɗa mata. Baki gare ka, har shago ka kai shi."

Likita ya ce za ta warke, amma yatsu uku na hannun dama ba za su ƙara lanƙwasa kamar da ba. Da aka kwance bandeji ta ce a miƙo mata tsinken kitsonta. Ta kama, ya zame ya faɗi. Ta sake kamawa, ya sake faɗuwa. Injiniya ya sunkuya zai ɗauko mata.

"Bar shi nan," ta ce. "Gyaran da ka yi ya isa."

Sai washegari mai gyara ya aiko a ce mata robar da ya ce kwana biyu ta iso.

Jama'a, duk abin da aka ɗora a kan murfin tukunyar nan don tsare ranku aka ɗora shi. In ta yi yoyo a sauya roba, in murfi ya ƙi juyawa a bar shi ya huce. Wanda kuma bai san abu ba ya cire hannunsa, in ya riga ya taɓa ya faɗa, domin ba lalle ne shi zai buɗe tukunyar ba.