Ɓeran da Ya Ci Gero Har da Igiya

Kai da ake kawo wa adadi kana gyaɗa kai, zauna ka ji wannan. Wani manomi ne zai tafi cin rani, ya cika rumbunsa da dammunan gero, ya liƙe bakin da laka, ya bar wa maƙwabcinsa amana. Bai ƙirga dami ko ɗaya ba, shi dai ya san geron ya kai wuyan rumbu, kuma shi ne abincin iyalinsa da irin shukarsa. Da ya dawo gab da faɗuwar damina ya buɗe, sai ya ga gero ya sauka har rabi. Maƙwabci ya hau salati yana tafa hannu, wai ɓeraye ne, bana sun addabi kowa. Salatin nan ya yi yawa, wallahi, har zuciyar manomi ta ƙi kwanciya.

Bai yi musu ba. Ya shiga rumbun ya share kashin ɓera kaf, duka bai cika tafin hannu ba. Ya tsaya yana lissafi a ransa: ɓerayen da za su cinye rabin rumbu, ai kashinsu sai an kwashe da ƙwarya. Kuma ɓera tsaba yake ci, ya bar zangarniya fanko da igiyar da aka ɗaure dami. Ya duba sama da ƙasa, babu fanko, babu igiya. Da ya fito sai ya ɗaga kai ya dubi rumbun maƙwabcin. Mutumin da gonarsa ba ta kai rabin tasa ba, bakunan da ke ci a gidansa sun ninka nasa, ga shi har yanzu rumbunsa a cike, ana jawo masa dami daga sama, ba a ko sunkuyawa. Haba! Sai ya ce masa a hankali, "Maƙwabci, ɓerayen bana har igiya suke haɗiyewa?" Maƙwabci ya sunkuyar da kai, salati ya ƙare. Washegari manomi ya tarar da dammuna jibge a ƙofar gidansa, kowanne da irin ƙullin da shi manomin yake yi.

To ka ji. In an kawo maka adadi, ko mutum ne ya kawo ko na'ura, ka fara auna shi da abin da idonka ya gani kafin ka ce na'am. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.